Abin da Hannun Direba Ya Sani

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikatan reluwe a nan Kafanchan, Baba Rabaran da Malam Liman, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan fansho, ina gaishe ku gaisuwar girma. Ni Kaleb Kumai, na gode da kuka ba ni dama kafin a ɗaga hannu don ƙuri'a.

Maganar da ke gabanmu ɗaya ce. Yemima, 'yar marigayi Levi abokin aikinmu, ta roƙi ɗakin bayan wannan zaure don ta sa sababbin na'urorin wasan bidiyo. In muka hana ta yau, jibi za ta kwashe kayanta zuwa Sabon Tasha, ta bar mahaifiyarta ita kaɗai. Da yawanku kun ce rufa-ido ne. Ni ma haka na ce, har na fi kowa ɗaga murya, sai da na je na gwada.

Na farko, akwai rufa-ido a ciki, ba zan ɓoye ba. Wani ƙaton tabarau ta ɗaura mini, wai zan ga kaina a wata duniya. Jiri kawai na gani, saura kaɗan in mayar da tuwon accan da na ci. Wannan kam, a bar wa masu ƙarfin ciki.

Na biyu, ta miƙo mini abin da ake riƙewa a hannu, ta kunna wasan tuƙin jirgin ƙasa, ta ce, “Baba, ka manta da telebijin ɗin, ka ji hannunka kawai.” Ruwa ya sauko a cikin wasan, jirgi ya kama hawa, sai abin nan ya fara rawa a tafina, maɓallinsa ya yi tauri. Jama'a, shekara talatin da ɗaya na yi ina jan jirgi, na san wannan rawa. Haka inji ke yi idan ƙafafunsa na santsi a kan jiƙaƙƙen dogo. Na horar da direbobi da yawa, amma bakina bai taɓa iya kwatanta musu ita ba.

Na uku, ga Malam Jamiluddeen nan zaune, tsohon direba kamar ni, da izininsa nake magana. Tun da ciwon ɓarin jiki ya kama shi bara, kun san magana ta yi masa nauyi. Na kai shi wurin Yemima. Da abin ya motsa a hannunsa mai lafiya, tun kafin allo ya nuna komai, sai ya ce, “Kaleb, yashi! A saki yashi!” Wato yashin da muke zuba wa dogo don ƙafa ta kama. Na yi kuka a wurin, ban kuma ji kunya ba.

Saboda haka ga ma'aunina, kuma ba na shakkarsa. Abin da ya tsaya a ƙyalƙyalin ido, ado ne kawai. Abin da ya ɗauki sanin da ke hannun tsoho ya sa shi a hannun jikansa, wannan sabon abu ne na gaskiya. Jirgi ya yi wuyar gani a garin nan, mu kuma kowace shekara raguwa muke yi. A ba Yemima ɗakin, mu kuma ranar Asabar mu zauna kusa da jikokinmu mu koya musu.

Malam Jamiluddeen hannu ɗaya gare shi mai tashi, ya kuma ce mini zai ɗaga shi. Mu masu biyu, kada mu bar shi shi kaɗai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da Kafanchan lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin salama. Na gode.