Dutsen da Ya Ƙi Wankuwa

A bakin titin Challawa, inda ma'aikata ke jiran motar Panshekara, Ashafa, mai aikin rini a masaƙa, yana ta goge wani dutse ruwan hoda da bakin rigarsa. Wani dattijo ya matso.

"Samari, ina ka samo wannan?"

"Cikin tsakuwar da tifa ta juye, Baba. Ruwan rininmu ne ya ɓata shi. Har da sabulu na dirje shi, ya ƙi fita."

"Miƙo nan."

Dattijon ya karta shi a jikin kwalbar lemo, sai ga zane ya fito.

"Ka gani? Ya ci kwalba. Dutsen ƙanƙara ne, ruwan hodan ne ke wuyar samu. Rabona da irinsa tun ina saurayi, muna haƙar kuza a Jos. Ɗaga shi saitin rana."

Ashafa ya karɓa ya ɗaga. Haske ya ratsa dutsen har tsakiya.

"Subhanallahi! Baba, ashe launin har ciki ne!"

"Da shi aka halicce shi."

"Mu da muke wuni a kan rini, atamfar na shan wanki sai ta koɗe. Wannan fa, tun yaushe?"

"Tun ba a kafa Kano ba." Dattijon ya sake miƙo hannu, muryarsa ta yi ƙasa. "Don Allah, bar ni in ƙara riƙe shi kafin motar ta zo."