Ranar Da Mama Adjo Ta Ce Ni 'Yarta Ce

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya ji kukana.

Sunana Rahila. Daga kudancin Zariya na biyo yayana Bitrus zuwa Lome ina budurwa. Muka kama ɗaki a Zongo, gidan Alhaji Mamman mai goro. Yaya yana gyaran rediyo a bakin kasuwar Assigamé, ni ina koyon ɗinki.

A lokacin nakan zo cocin nan, amma jiki kawai nake kawowa. Ba na jin Mina, yaren garin, ba na jin Faransanci. Ana idar da addu'a sai in sulale, ban san sunan kowa ba.

Kun san zamanin da muke ciki, bango ma kunne gare shi. Wata rana Yaya yana gwada rediyon wani, sai ta kamo tashar waje ana zancen shugaban ƙasa. Ya kashe nan take, amma wani ya riga ya ji. Washegari mutane suka zo cikin mota marar lamba suka tafi da shi.

Daga ranar maƙwabta suka daina amsa gaisuwata. Mai koya mini ɗinki ta ce in ɗan huta tukuna. Alhaji kaɗai ke aiko mini da tuwo, shi ma ya ce in yi haƙuri, ba shi da bakin magana a wannan lamari. Abinci ya ƙi shiga. Ko mota ce ta tsaya a ƙofar gida sai jikina ya hau rawa.

Wata Laraba da rana na fita neman labari, sai na lura wani mai baƙin tabarau yana bina. Na ratsa ta cikin masu atamfa, yana nan. Na tsallaka titi, ya tsallako. Ƙafafuna suka kawo ni ƙofar cocin nan, na faɗa ciki.

Na tarar da mata suna shara. Wata dattijuwa mai sayar da busasshen kifi, Mama Adjo, ta dube ni, ta leƙa waje, ta tura ƙofa ta rufe. Da Hausar kasuwa ta tambaye ni abin da ya faru. Na gaya mata komai, ina jiran ta ja da baya kamar kowa.

Sai ta kama hannuna muka durƙusa. Matan suka ajiye tsintsiya suka kewaye ni da carbinsu na rosari. Suna yi da Mina, ina yi da Hausa. Na ce, Ubangiji, ba ni da kowa a garin nan, ka dube ni. Kafin mu tashi rawar jikin nan ta tsaya cak. Ya Allah mai jinƙai!

Mama Adjo ta kai ni gidanta a unguwar Kodjoviakopé, ta sanar da Fada, limamin cocinmu. Ya yi ta bincike har ya gano inda ake tsare da Yaya, muka tafi mu uku. A bakin ƙofa mai gadi ya tare mu da bindiga. Ya bar Fada ya wuce, sannan ya nuna ni ya tambaya ko ni ce ƙanwar mai rediyon. Na san in na amsa, ba lallai in koma gida ba.

Mama Adjo ta shiga tsakaninmu ta ce, “'Yata ce. In za ka riƙe ta, sai ka haɗa da uwarta.”

Ya dube ta, sannan ya kau da kai, ya ƙyale ni.

Ba ranar aka saki Yaya ba. Fada ya yi ta komawa, matan suna karɓa-karɓa wajen kai abinci. Bayan damina ya fito a rame, kunnensa ɗaya ya daina ji. Amma ga shi can zaune, da ransa!

Yanzu ni ke ɗinka rigunan mawaƙa, kuma kowace Lahadi ina zagaya Zongo in taho da 'yan arewa masu jin Hausa, in fassara musu wa'azi.

Na gode wa Allah, na gode muku. Wanda tsoro ya hana shi barci a cikinku, kada ya ɓoye shi. Ya kawo shi nan mu durƙusa tare, gama Ubangiji yana ji. Amin.