Gwangwanin Yajin Ayinde

Daren jiya na ji wani gurnani a bayan ɗakina, gur-gur-gur, kamar kwaɗo mai mura. Da safe a motar Ogbomosho na gane dutsen niƙan maƙwabciyata Iya Ajoke ne, don na ji tana kai wa wata baƙuwar mata kuka.

"'Yar nan, wai gidan renon yara sun hana yaji! Jikana Ayinde ya daina cin abincinsu, wuyansa ya koma kamar na zakara."

"Mama, ƙa'ida ce. Cikin ɗan shekara uku ba irin naki ba ne."

"Ƙa'idar banza! Da attaruhu aka yaye ubansa, ga shi yana ɗaga buhun siminti. Kullum sai na niƙa, na soya, na cusa masa gwangwani a jaka. Tas gwangwanin yake dawowa, amma yaro sai ramewa yake!"

"Gaskiya dai manjanki yana yawa. Kuma jan murfin nan da ƙyar yake buɗuwa."

Iya Ajoke ta juyo gaba ɗaya. "Wa ya gaya miki murfin ja ne?"

"Ni... ni ce mai dafa musu. Ƙwacewa muke yi, ƙa'ida ce! Kin taɓa cin faten doya ba yaji, Mama? Kullum fa!"

Sai wani tela da ke kusa da ni ya gyara hula, ya ce, "To baiwar Allah, ke kin samu mahaɗin doyarki. Shi yaron me yake ci?"