Muryar Ɗan Tela

An soke wasan da mawaƙin hip hop Ɗan Tela zai yi ranar Asabar. Jiya da safe, ina zaune a ɗakin jira na asibitin maƙogwaro, sai wani matashi ya karanta labarin a wayarsa, ya yi tsaki, ya juya wajen dattijon da ke gefensa.

"Girman kai ne kawai, Baba. Ya yi suna, ya manta da mu."

"Taurin kai dai, yaro. Abokansa kan saki waƙa su riƙa motsa baki, shi ya ce sai da muryarsa. To, ga ta nan ta dushe."

"A'a, Baba! Kai ma kana jin hip hop?"

"Allah ya kiyaye, hayaniya ce. Sai dai wadda ya sa ƙarar keken ɗinki a ciki. Ita ma ya cika sauri, kekena ba ya gudu haka."

"Kekenka?"

Dattijon ya dubi ƙofar likita. "Sai da na gaya masa, allura ba ta buƙatar murya."

"To, Baba, zai sake waƙa kuwa?"

"Tun ɗazu suke ciki, shi da likita."

Har na bar wurin ba a buɗe ƙofar ba.