Injin Baba Ya Yi Nauyi

A rumfar mai sayar da kayan injuna, wata mata tana ta jujjuya sifirin biyu a hannu, irin murɗaɗɗen ƙarfen nan mai dawowa in an danna shi, wani kafinta na kallonta.

Kafintan ya ce, "Baiwar Allah, na wane inji ne?"

"Na babanmu, injin yi wa bakin katako ado. A ƙarƙashin tebur ya ɗaure shi."

"To me zai yi da sifirin?"

"Ai a da babu su a ciki! Da Baba ya kwanta jinya na kira mai gyara, ya ce sace su aka yi, ya sa sababbi."

"Ba sata ba ce, cirewa ake yi. In injin yana hannu, su ke ɗago shi. In an kifa shi ƙarƙashin tebur, ana ɗagawa suna dannewa."

"Ban gane ba. Abu ya cika kuma ya lalace?"

"Yanzu yaya yake ɗaga shi?"



"Da ƙyar, har gumi yake. Jiya ya ce ciwon ya cinye ƙarfinsa, sayar da shagon zai yi."

"Bai buɗe ya duba ba?"

"Bai san an taɓa ba. Ni na hana a faɗa masa, wai in faranta masa."

"To waɗannan na hannunki fa?"

Ta dube su kamar yau ta fara ganinsu.

"Na zaci na cikin ne ba su da ƙarfi. Waɗanda suka fi su na zo nema."