Hanyar da Hakim Ya Buɗe a Gefen Cikina

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ku yi mini haƙuri, a zaune zan yi magana, ƙafafun nan ba sa ɗaukata da nisa yanzu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Yohanna mai gyaran babur, injin da ke jan ruwan kogi zuwa gonakin auduga. Shekara goma sha tara muna zaune a wani ƙauye kusa da Suki, ni da matata Rahila, kuma gidanmu kaɗai ne na Kirista a cikinsa. Yahaya suke ce mini, ba su taɓa ware ni ba. Kullum bayan magariba kowane gida yakan fito da siniyarsa, wato tiren abinci, ƙofar Baba Umaru, dattijon unguwarmu, maza su zauna kan tabarma, hannu goma cikin kwano ɗaya. Ba ni da uwa ba ni da uba a ƙasar nan. Mutanen tabarmar nan su ne dangina.

Shekara biyu bayan an gama madatsar ruwa ta Rusairis na fara ramewa. Da ni ƙato ne, ku tambayi Rahila, ni kaɗai nake ɗaga kan inji. Sai ga shi ina ta ƙara ɗaure mazagin wando. Bayan gida ya rikice, yau gudawa gobe a ɗaure, ga jini. Na gani da idona, na rufe da ƙasa, ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji.

A tabarma kuwa ba a janye hannu da wuri, don kamar ka ce matar maƙwabcinka ba ta iya girki ba ne. Sai in danna kisra, wainar dawa ta nan, da tuwo kamar mai lafiya, in kewaya bayan darni in amayar.

Baba Umaru ba a yi masa wayo. Wata rana ya kama tsintsiyar hannuna, ya ga yatsunsa sun haɗu.

"Yahaya, mi ya cinye ka haka? Cikinka ne ya yi datti. A wanke shi."

Kun san mu dai, kowane ciwon ciki wanki ne maganinsa. Ya sa aka dafa mini filasko, wanda nan ake ce wa sanamaka. Na sha sau uku. A na ukun babu abin da ya fita, cikina ya kumbura kamar ganga, ina murƙususu a ƙasa ina kiran uwata da ta mutu tun ina ƙarami. Aka jefa ni a lori sai asibitin Madani.

Da suka yi mini ƙarin ruwa, cikin ya ɗan saki, suka gama aune-aunensu, hakim, wato likita, ya zauna bakin gadona. Ya ce saratan ne, ciwon daji, a babban hanji. Ya kusa toshe hanya, kuma ya riga ya taɓa hanta. Ramar ma shi ne, yana cin abin da na ci. Da na ambaci sanamaka sai ya riƙe baki, ya ce saura kaɗan da hanjin ya fashe. Abin kunya, ni da nake faɗa wa yara kullum cewa in bututu ya toshe ba a ƙara masa ƙarfin ruwa.

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ciwon ba zai ciru duka ba. In na so in koma gida da maganin rage zafi, amma ba da daɗewa ba ko ruwa ba zai wuce ba. Akwai gashi da na'ura a Khartum, sai dai bai ga zai buɗe mini hanya ba. Abin da ya fi so shi ne ya yanka, ya fito da bakin hanji ta gefen cikina, ƙazanta ta riƙa fita cikin jakar roba da ɗamara, in samu in ci abinci.

Kun san abin da na tambaye shi? Ban ce kwana nawa ya rage mini ba. Cewa na yi, "Zai yi wari?"

Ya ce, "Wani lokaci. Yakan yi ƙara kuma, ba ka da ikon riƙe shi."

Na hango kaina a tabarma da jakar najasa a gefe, cikin mutanen da ke alwala sau biyar a yini. Na hango su suna janye hannu ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, ba wanda zai ce uffan. Na ce wa Rahila ta naɗe kayanmu.

Da tsakar rana muna tasha ƙarƙashin dogon yaro muna jiran lorin Sinnar. Rahila ba mai yawan magana ba ce. Ta daɗe tana kallon gwiwoyina da suka fito kamar na akuya, sannan ta ce, "Maigida, tabarma kake tsoro fiye da kabari?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa." Sai kuka ya ƙwace mini a gaban mutane.

A nan na yi addu'a, kuma ba mai daɗin ji ba ce. Na ce, "Yesu, tsoro nake ji. Ba na so in mutu da yunwa, ba na so kuma a tashi a bar ni da kwano. Na kasa zaɓa. Kai da kutare ma ba ka ƙyamace su ba, ka riƙe ni." Ban ji murya ba, ban ga haske ba, tsoron ma bai tafi ba. Amma lori ta zo, ta cika, ta tashi, ina zaune. Na ce wa Rahila mu koma.

Aka yi aikin. Hakim ya koya wa Rahila yadda za ta ciyar da ni: kaɗan-kaɗan, sau shida ko bakwai a yini, kunu da madara, ƙwai, romon kaza, kifin kogi mai laushi. Ranar da na sha kunu rabin ludayi ya zauna, na yi godiya kamar an ba ni sa.

Muka koma ƙauye, na shige ɗaki na ƙi fita har kwana goma sha takwas. Ina jin ƙarar siniyoyi suna wucewa. Duk wanda ya zo dubiya sai in sa Rahila ta ce ina barci. Na sa baiwar Allah ƙarya, Ubangiji ya gafarta mini.

Ran nan Baba Umaru ya yi sallama, bai jira amsa ba, ya ɗaga labule. Ya zauna ƙasa, dattijo guda, ya kasa duban idona.

"Na ji abin da hakim ya ce kan sanamaka. Ni na ba ka, da hannuna. In don shi ka ƙaurace muna, ka yafe mini, Yahaya."

Ashe duk kwanakin nan shi ma da nasa tsoron yake kwana. Ba yadda zan yi. Na ɗaga riga, na nuna masa. Na ce, "Baba, ba fushi ba ne. Wannan ne. Ba zan ɓata muku abinci ba."

Ya duba da kyau, bai kau da kai ba. Ya ce, "Saki rigarka. Taso."

Na zauna can bakin tabarma, inda zan iya gudu. Aka turo mini kwanon romo, kowa ya sa hannu. Ban kai loma uku ba abin da nake tsoro ya faru. Ƙara ta fito daga gefen cikina, doguwa, ba wanda bai ji ba. Na runtse ido, na fara lalubar takalmina.

Sai na ji hannun Baba Umaru a kan gwiwata.

"Ina za ka? Mako nawa munka yi muna roƙon Allah cikin nan shi buɗe? To, ga shi ya buɗe. Alhamdu lillahi. Ci abincinka."

Ya tsoma hannunsa a kwanon da nake ci, ya kai baki. Sauran suka bi.

'Yan'uwa, ban zo in ce muku na warke ba. Ciwon yana nan, hakim bai yi mini alkawarin zan ga tsinkar auduga mai zuwa ba, kuma wasu ranaku tsoro yakan dawo. Amma ina ci, abincin yana zama, kuma ba ni kaɗai nake ci ba. Na gode wa Ubangiji Yesu da ya zaunar da ni a tashar nan har lori ta tafi.

Wanda yake ganin jini yana rufewa da ƙasa, don Allah ya daina, ya je a duba shi da wuri. Wanda tsoro ya riƙe kuma, ya kai wa Yesu shi yadda yake, ko da kuka ne a tsakiyar tasha. Yana ji. Amin.