Ɗigon Jinin Baba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Gwandu nake rubutowa, ina karatun gwaje-gwajen asibiti a Kalgo.

Da aka koya mana gane rukunin jini, zumuɗi ya sa na gwada na Baba da Inna lokacin hutu. Dukansu O ne, ni kuwa B. An koya mana O da O ba sa haifar B. Sau uku ina maimaitawa, bai canza ba.

Baba yana dariya ya ce, "Likitan gidanmu, me ka gani?" Na ce lafiya lau.

Tun ranar, ko jinin wa aka ba ni in gwada, dariyar Baba nake ji. Jama'a, ku ba ni shawara: in tambayi Inna, ko in mutu da abin a cikina?